Ƙaura Ba Kaya a Ka

Daren Juma'a a Vigo, an ja ƙofar shago,
ƙarnin kifin tashar jirage ya biyo mu har ofis.
Kamfanin igiya da taru ne, shekara arba'in a bakin teku,
ni kuwa ɗan kwangila, an kira ni in kwashe musu ƙwaƙwalwa.

Tsohuwar na'ura tana ƙarƙashin matakala,
shekara goma sha bakwai tana gurnani ba hutu.
Fankarta na tari irin na tsohuwar mura,
kyanwar shago ta mai da bayanta gado saboda ɗumi.
A cikinta duk wanda ya taɓa sayen ƙugiya yake kwance,
da wanda ya biya, da wanda ya ce sai gobe.

Eladio akawu ya zare tabarau.
"Ina za ka kai su, yaro? Nuna min ɗakin."
Na ce, babu ɗaki. Uwar garke ce marar jiki,
na'ura a cikin cikin na'ura, haya a gidan wasu
can wajen Madrid, inda ba tsintsiyar da za ta fizge waya.
Ya ce, "Abin da hannu ba ya dafawa
ta yaya zan ba shi amana?"
Ban tanka ba. Na yi ajiya biyu, ɗaya a aljihuna.

Ƙarfe goma muka toshe ƙofar rumbun bayanai.
Sabela mai kamfani ta kawo gahawa da burodi mai kifi.
Muka zuba wa allo ido, koren layi na jan ciki
kamar ƙaguwa mai ciwon ƙafa.
Sittin cikin ɗari. Ya tsaya. Ya yi nazari. Ya ci gaba.

Ɗaya da kwata na yi ƙidaya.
Tsohon gida: dubu ɗari huɗu da sha biyu, da ɗari tara da shida.
Sabon gida: da biyar.

Sabela ta yi hamma. "Ɗaya tak? Mu je mu kwanta."
Eladio ya mayar da tabarau.
"Da ɗaya ɓaraka take farawa."

Neman allura a ruwa, har ƙarfe uku.
Na bi tebur, na bi shafi, idona ya yi ja,
sai ga shi a kwandon waɗanda aka hana shiga:
Xurxo Piñeiro, igiya mita talatin,
gurbin ranar biya fari fat.
Sabon gida da ƙa'ida yake,
ba ya saukar baƙon da bai cika takarda ba.

Na ce, in sa masa kwanan wata, a wuce wurin?
Tsohon ya riƙe min hannu.
"Jirginsa ya fita wata Nuwamba, teku ta yi gum.
Matarsa ta zo da kuɗi a ƙulle cikin hankici,
na ce mata, mai bashi shi ke zuwa da ƙafarsa.
Bar masa gurbinsa."

Sai na sassauta dokar, na buɗe ƙofa tsawon mutum ɗaya.
Xurxo ya shiga da bashinsa a kafaɗa.
Ɗari tara da shida. Ɗari tara da shida.

Da asuba Sabela ta ce Eladio ne zai danna maɓalli.
Fanka ta juya, ta juya, ta yi shiru.
Ashe duk shekarun nan da ƙara muke magana:
yanzu har kukan tsuntsayen teku ake ji ta bango.

Litinin, rasit na farko ya fito kafin mai saye ya zaro walat.
Ba wanda ya lura an yi ƙaura,
sai kyanwa, da ta hau ƙarfe mai sanyi,
ta sauko, ta dube ni,
ta koma cinyar Eladio.